Trevor Story ya warke da gaske? Amsa ga mai tunanin riƙe shi a gasar fantasi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Abokan aikina ne suka jefa ni cikin gasar fantasi ta besbol, inda kowa ke zaɓen 'yan wasa na gaske ana auna shi da abin da suka yi a fili, mu goma sha biyu, tsarin roto mai fanni biyar, wato ana jera mu ne a fannoni biyar na alƙaluman wasa. A kakar 2025 na ɗauki Trevor Story na Boston Red Sox can ƙarshen zaɓe, ya kuma yi mini rana. Dokar gasarmu ta yarda in riƙe shi a kakar 2026, amma zai ci mini zaɓin zagaye na takwas. Ga kuma wani abokin gasa yana ta zawarcinsa. Mutumin da aka yi wa aiki a gwiwar hannu, aka sake yi masa a kafaɗa, ga shekara 33 a kansa, ya warke ke nan, ko sa'ar kaka ɗaya ce?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in ba ka amsar a dunƙule kafin mu warware ta. Story ya warke. Wanda ya buga wasa 157 cikin 162 yana tsaron shotstof, wato tsakanin tasha ta biyu da ta uku (tasha su ne wuraren da mai bugu ke bi yana zagaya fili don cin maki), inda ƙwallo ta fi zuwa da zafi kuma jifa ya fi nisa, ba majinyaci ba ne. Sai dai warkewar tasa ba ita za ta faɗa maka ko ya kai zaɓin zagaye na takwas ba. Ribar da ke cikin jinyarsa ka riga ka kwashe ta a 2025, lokacin da kowa ke ƙyamarsa kai ka ɗauke shi a araha. Abin da za a sayar maka yanzu wani kaya ne daban, kuma a farashin kasuwa.

Tunda aikina gyaran gaɓoɓin masu rauni ne, da can zan fara, domin kuskuren da na fi gani a wajen 'yan fantasi shi ne zuba duk wani ciwo a buhu ɗaya a rubuta masa "mai yawan rauni". Rauni iri-iri ne. Akwai na tsautsayi, wanda zai iya samun kowa a ranar da aka ƙaddara. Akwai na zaizaya, wanda gaɓa ke cinyewa a hankali saboda yawan aiki. Akwai kuma na tsoka, wanda in ya san hanyar gidanka sai ya yi ta dawowa. Idan ba ka raba su ba, za ka gudu daga wanda ya kamata ka saya, ka sayi wanda ya kamata ka guda.

Duba tarihin mutumin. Ya fito a Colorado Rockies a 2016, fitowar kuwa ta yi amo, domin hom-ron, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili, guda 7 ya buga a wasanninsa shida na farko. A ƙarshen Yuli jijiyar babban yatsan hannunsa na hagu ta tsinke, kakar ta tsaya masa a hom-ron 27 cikin wasa 97. Daga nan fa? Wasa 145 a 2017, 157 a 2018, 145 a 2019, 59 cikin 60 a gajeriyar kakar korona ta 2020, sai 142 a 2021. Shekara biyar cur yana fili. A 2018 ya yi hom-ron 37 da satar tasha (rugawa zuwa tasha ta gaba yayin da mai jifa ke jifa) 27, a 2019 ya yi 35 da 23. Wannan ba tarihin jiki mai laƙo-laƙo ba ne.

A watan Maris na 2022 Boston ta ba shi kwantiragin shekara shida a kan dala miliyan 140, ta mayar da shi tasha ta biyu saboda Xander Bogaerts na riƙe da shotstof. Nan ne abubuwa suka fara kwancewa. A watan Yuli ƙwallon mai jifa ta same shi a hannun dama, daga baya aka gano tsagewar ƙashi kusa da wuyan hannu. A Satumba dunduniya ta hana shi ƙarasa kakar. Bogaerts ya koma San Diego a Disamba, Story ya fara ƙara nisan jifa don komawa tsohon wurinsa, sai gwiwar hannu ta ce ba da ita ba. Aka yi masa aiki a Janairun 2023. Ya dawo a watan Agusta, ya buga wasa 43. Kaka ta gaba ko mako biyu ba a yi ba kafaɗa ta goce, ya ƙare da wasa 26. Haɗa lissafin: 94 da 43 da 26, wasa 163 ke nan cikin shekara uku, hom-ron 21 kacal. Aikin kaka ɗaya aka biya shi kuɗin uku. Ba laifi ba ne mutane su yanke ƙauna.

To amma tsefe jerin. Yatsa, tsautsayi. Hannu, ƙwallo ce mai gudun tsiya ta doke shi, tsautsayi. Kafaɗa, faɗuwa ce a kan miƙaƙƙen hannu, tsautsayi. Gwiwar hannu kaɗai ce ta zaizaya, ita ma ta daɗe tana ba da sanarwa: tun 2021 a Colorado ta kumbura har ya yi jinya, kuma masu lura sun ga jifansa ya rage zafi. Abin da babu a jerin shi ne tsokar bayan cinya da ke tsinkewa duk bayan wata uku, ko ciwon baya mai tafiya yana dawowa. Kwatanta shi da Royce Lewis na Minnesota Twins, matashi mai baiwa wanda jijiyar gwiwar ƙafarsa ta tsinke sau biyu, a 2021 da 2022, sannan tsokar gefen ciki, ta gaban cinya, ta matsematsi da ta bayan cinya suka yi ta karɓar aiki ɗaya bayan ɗaya. Lewis ya girmi Story wajen ba ni tsoro duk da cewa ƙaninsa ne nesa ba kusa ba, domin tsokar da ta taɓa yagewa takan warke da tabo, kuma babu abin da ya kai tsohon yagewa nuna cewa sabo na tafe.

Yanzu gwiwar hannun. Akwai wata ƙaramar jijiya a gefen ciki na gwiwar hannu, ita ke hana gaɓar buɗewa lokacin da hannu ya koma baya zai saki jifa. In ta tsinke, sanannen magani shi ne aikin da ake kira Tommy John, sunan mai jifan da Dokta Frank Jobe ya fara yi wa a 1974. Ana ciro wata jijiya daga hannu kusa da wuyan hannu ko daga cinya, a huda ƙashi, a saƙa ta a maye gurbin tsohuwar. Sabuwar jijiyar sai ta ɗauki watanni kafin ta zama 'yar gida, shi ya sa masu jifa kan yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba su dawo ba. Story ba wannan aka yi masa ba. Dokta Keith Meister a Texas ya yi masa sabon salon ne, inda ake ɗinke jijiyar mutum ta asali, a ɗora mata wani zare mai ƙarfi kamar majanyi, a kafe shi a ƙashi gefe biyu. Ba a yin haka sai in jijiyar tana da sauran nama mai kyau, don haka zaɓen wannan hanyar ma labari ne mai daɗi. Wata bakwai ya yi ya dawo.

Ga inda ni kaina na sha ƙasa. A 2023 na ɗauke shi na ajiye a gurbin majinyata tun watan Maris, ina ta lissafin cewa in ya dawo zai tsallakar da ni. Wata biyar ina gadinsa kamar mai kiwon ragon layya. Ya dawo ya buga .203, wato matsakaicin bugunsa ke nan, bugun nasara 203 cikin kowane 1,000, da hom-ron 3. Satar tasha 10 ce kawai ta ɗan share mini hawaye. Na san ilimin, amma son zuciya ya rufe mini ido. Mutumin da ya rasa atisayen share fage na Fabrairu da Maris, ya rasa wata huɗu na kaka, aka ba shi kwana 20 kacal a ƙananan ƙungiyoyin Portland da Worcester, domin iyakar abin da doka ta yarda wa wanda ba mai jifa ba ke nan, sannan aka tsayar da shi gaban masu jifan da hannunsu ya riga ya yi zafi tun Afrilu. Ƙafa takan dawo da wuri. Ido da hannu, wato gane jifa da saduwa da shi a daidai lokaci, su ne na ƙarshen dawowa.

Ba shi kaɗai ba ne. Bryce Harper na Philadelphia, wanda aka yi wa cikakken Tommy John a Nuwambar 2022, ya dawo ranar 2 ga Mayun 2023, kwana 160 bayan aiki, duniya ta yi ta mamaki. Amma ƙarfin bugunsa bai biyo shi ba. Ya yi fiye da wata guda ba hom-ron ko ɗaya, sai a Agusta ya buga 10 a wata ɗaya. Corey Seager, shi ma ɗan shotstof, an yi masa Tommy John da aikin ƙugu a 2018. A 2019 ya yi .272 da hom-ron 19, ba yabo ba fallasa. A 2020 ne ainihin Seager ya bayyana, ya buga .307, ya zama gwarzon wasannin ƙarshe da Dodgers ta ɗauki kofi. Ranar komawa fili daban, ranar komawa hayyaci daban, kuma tsakaninsu yakan kai watanni, wani lokaci kaka guda.

Kafaɗar ce ta fi ba ni tsoro, kuma a kanta zan ɗan zauna. Ranar 5 ga Afrilun 2024, a filin Angels da ke Anaheim, Mike Trout ya bugo wata ƙwallo mai bin ƙasa. Story ya yi tsalle ya miƙe don tare ta, ya sauka da nauyinsa duka a kan hannun hagu. Duk wanda ya ga yadda ya yi ta birgima yana riƙe da hannun ya san ba targaɗe ba ne. Kafaɗar ta goce, kuma garin gocewa ta ɓalle gefen kwarmin da take zaune a ciki, ta yage zoben guringuntsin da ke kewaye da shi ta baya. Dokta Neal ElAttrache na Los Angeles ne ya yi aikin, ya kafe ƙashin, ya ɗinke zoben.

Don ka gane, ka ɗauki kan ƙashin damtse a matsayin tulu, kwarmin kafaɗa kuma kan mai ɗauka. Kwarmin ba shi da zurfi, kusan a shafe yake, shi ya sa hannu ke iya juyawa ta ko'ina. Zoben guringuntsin nan shi ne gammo. In gammo ya warware, ko an mayar da tulu sai ya yi ta rawa. In kuma gefen kan ne ya ɓalle, abin ya fi haka. Sai dai akwai wani sauƙi a ɓoye: ƙashi da ƙashi in aka haɗa su daidai sukan kama da kyau cikin wata biyu zuwa uku, kamar yadda kowane mai ɗori ya sani. Guringuntsi da tsokokin da ke riƙe da gaɓar su ne masu nawa.

Me ya sa kafaɗar hagu ta dame ni alhali da dama yake jifa? Saboda da dama yake bugu ma, kuma mai bugun dama kafaɗarsa ta hagu ce a gaba. Ita ke jan sanda, ita ke tsayar da ita bayan an kaɗa. Lokacin da mai bugu ya kai wa ƙwallon da ta yi waje duka ya samu iska, duk ƙarfin nan bayan kafaɗar gaba yake komawa, daidai wurin da aka ɗinke wa Story. Cody Bellinger misali ne da ba a mantawa. Gwarzon 2019 ne da hom-ron 47. A 2020 ya goce kafaɗar dama garin murnar hom-ron da abokin wasansa, ita ce kuwa ta gabansa tunda da hagu yake bugu. Aka yi masa aiki, a 2021 ya buga .165, ko da yake tsagewar ƙashin ƙafa ma ta taka rawa a wannan kakar. A 2022 ya yi .210. Sai a 2023 a Chicago Cubs ya farfaɗo da .307. Matt McLain na Cincinnati Reds ya yi .290 a 2023, aka yi masa aikin kafaɗar hagu, ya rasa 2024 gaba ɗaya, ya dawo 2025 da .220. Wannan hanyar na zaci Story zai bi.

Akwai kuma abin da hoton asibiti ba ya nunawa. Na taɓa yin aiki da wani matashin mai tsaron raga da kafaɗarsa ta goce aka yi masa aiki. Wata biyar bayan nan, a kan gado hannunsa na zuwa ko'ina, in na ba shi robar ja yana jan ta kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Sai na tsaya gefe na wurga masa ƙwallo sama ta ɓangaren ciwon ba tare da na faɗa masa ba. Hannun ya tashi, ya kai daidai kunne, ya tsaya cak. Ƙwallo ta wuce. Ya dube ni ya ce, "Wallahi Malam ba ni na tsayar da shi ba." Gaskiya ya faɗa. Jiki na tuna inda ya ji ciwo, kuma yakan ja birki kafin mai shi ya yi shawara. Wannan tsoron ba ya fita da motsa jiki a ɗaki, sai an faɗi a fili an tashi lafiya sau da yawa.

Shi ya sa nake ganin dawowar Story a watan Satumbar 2024, wata biyar bayan aikin da aka ce zai ci wata shida, ta fi muhimmanci fiye da yadda alƙaluma suka nuna. Makonni uku ne kawai, babu wani abin a zo a gani a cikinsu. Amma ya yi tsalle ya faɗi a kan kafaɗar, ya kaɗa sanda ya samu iska, ya zame zuwa tasha, bai ji komai ba. Ya shiga hutun hunturu a matsayin ɗan wasa mai atisaye, ba majinyaci mai gashi ba. Duk da haka 2025 ba ta zo masa a shimfiɗe ba. A watan Mayu ya yi sanyin da har magoya bayan Boston suka fara kiran a sallame shi, 'yan fantasi da yawa kuma suka watsar da shi. Daga Yuni ya miƙe. Ya ƙare da .263, hom-ron 25, ya shigo da maki 96, shi kansa ya ci 91, ya saci tasha 31, sau ɗaya tak aka kama shi. Kafaɗar da ta ɗauki wasa 157 da irin wannan aiki ta ci jarrabawa. Ni na cire ta daga lissafi, gwiwar hannun ma a fannin bugu na cire ta.

To sai mu koma kasuwa. In ka taɓa buga fantasin Firimiya ka san ɗan wasa nagari daban, saye nagari daban. Abin tambaya shi ne me za ka samu a kan me za ka bayar. Zaɓin zagaye na takwas a gasar mutum goma sha biyu yana faɗawa tsakanin na 85 da na 96. Mu auna kayan ɗaya bayan ɗaya.

Satar tashar nan 31 ita ce ta fi ɗaukar ido, kuma ita ce ya kamata ka fi yi wa ragi. A 2023 aka sauya dokoki: aka faɗaɗa tasha daga inci 15 zuwa 18, aka sa wa mai jifa agogo, aka taƙaita sau nawa zai iya juyowa ya tsorata mai son sata. Satar tasha a duk babbar gasar besbol ta Amurka ta tashi daga 2,486 a 2022 zuwa 3,503 a 2023. Ma'ana, sata 30 a yau ba ta da tsadar da take da ita a da, ana samunta a wurare da yawa. Abin da ke gefen Story shi ne satarsa ta wayo ce. Wanda aka kama sau ɗaya cikin 32 yana karanta ƙafar mai jifa ne, yana zaɓen lokaci, kuma wayo ba ya tsufa da saurin da ƙafa ke tsufa. Amma 31 ita ce mafi yawa da ya taɓa yi a rayuwarsa, ya kuma yi ta yana ɗan shekara 32. Ba a gina gida a kan irin wannan. Ka rubuta masa 20, in ya ƙara, gyara kayanka.

Maki 96 da ya shigo da su ba nasa ba ne shi kaɗai. Wannan fannin ya dogara da inda koci ya sa ka a jerin bugu da kuma ko waɗanda ke gabanka suna isa tasha. A 2025 Triston Casas ya ji mummunan rauni a gwiwa tun farkon Mayu, aka sayar da Rafael Devers ga San Francisco Giants a tsakiyar Yuni, tsakiyar jerin ya zama fili, Story ya zauna daram. In ƙungiyar ta kawo wani babban mai bugu aka tura shi na shida ko na bakwai, maki goma sha biyar zuwa ashirin na iya tafiya ba tare da ya yi laifin komai ba.

Ƙarfin bugunsa kuwa, kada ka sake jiran na Colorado. Filin Coors yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,600, iska ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa, jifa mai lanƙwasa kuma ba ya lanƙwasuwa sosai. Fenway ma ba ta ƙi mai bugun dama ba, tunda katangar hagu, wadda ake kira Green Monster, ƙafa 310 ce kawai daga wurin bugu. Sai dai tsayinta ya haura ƙafa 37, takan mayar da ƙwallon da ta tashi sama hom-ron, ta kuma tare mai ƙarfin da ta tafi a miƙe ta mayar da ita bugun tasha ɗaya ko biyu. Hom-ron 20 zuwa 25 shi ne gidansa yanzu.

Ainihin abin da zai iya karya shi ba ya asibiti, yana wurin bugu. Story mai dukan iska ne tun yana saurayi. A 2017 sau 191 aka fitar da shi da sitiraik uku, wato jifa uku da ya kasa bugawa, babu wanda ya kai shi a National League, ɗaya daga rukunai biyu na babbar gasar. A 2025 ma fiye da sau ɗaya cikin kowane huɗu haka yake fita, kuma ba ya haƙurin jiran jifa huɗu marasa kyau ya tafi tasha kyauta, shi ya sa ƙimar isarsa tasha ta tsaya a .308. Mai irin wannan salo yana rayuwa ne da saurin sanda. Ranar da saurin ya ragu da ƙiftawar ido, ba a hankali yake gangarowa ba, faɗowa yake. Abin da ka gani a Mayu hoton wannan ranar ne. Ba na cewa ta zo, amma a shekara 33 tana kan hanya.

Nan tsarin gasarku ya taimake ka. A roto mai fanni biyar ana ƙirga maki, hom-ron, shigo da maki, sata da matsakaicin bugu. Babu mai hukunta shi kan dukan iska, babu mai neman tafiyar kyauta. Wannan ne tsarin da ya fi dacewa da shi. Da gasar maki kuke yi, inda ake cire maki duk lokacin da aka fitar da mutum da sitiraik, ko wadda ake auna isa tasha maimakon matsakaicin bugu, da ban ɓata maka lokaci ba, sakinsa zan ce ka yi.

Wani abu kuma da mutane ke mantawa: tsaron fili ba ya cikin fanni biyar, amma shi ke riƙe wa mutum gurbi. A ƙarshen kakar 2025 kurakuran jifansa sun yi yawa, kuma ga Marcelo Mayer, wanda Boston ta ɗauka na huɗu a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2021 a matsayin ɗan shotstof, ya riga ya shigo babbar ƙungiya. In aka mayar da Story tasha ta biyu, kai a wurinka alheri ne. Jifan ya fi gajarta, gwiwar hannu ta huta, sannan bayan ya buga adadin wasannin da dandalinku ya gindaya zai samu izinin gurbi biyu. Tasha ta biyu kuwa fari ake yi a cikinta, alhali shotstof cike take maƙil: Bobby Witt Jr., Francisco Lindor, Gunnar Henderson, Elly De La Cruz, Trea Turner, Seager, ga na bayansu irin su Zach Neto, CJ Abrams, Jeremy Peña da Geraldo Perdomo. A gasar mutum goma sha biyu kusan kowa zai samu nagari. Wannan cikar ce ke rage wa Story daraja fiye da kowane tabon aiki da ke jikinsa.

Ga lissafina, kuma ra'ayina ne: wasa 135 zuwa 140, hom-ron 20 da 'yan kai, sata wajen 20, matsakaicin bugu tsakanin .245 da .255, maki da shigo da maki wajen 75 zuwa 80 kowanne. Ɗan wasa ne mai amfani ƙwarai. Amma irin wannan kayan a zagaye na takwas kuɗinsa ne daidai, babu rangwame. Amfanin riƙe ɗan wasa kuwa shi ne ka biya ƙasa da kasuwa. Da zagaye na goma sha huɗu zai ci maka, da na ce riƙe shi da hannu biyu. A na takwas, sai in ba ka da wani mai rahusa a hannu, ko sauran waɗanda ka riƙe duk masu nauyin ƙafa ne kana bukatar sata.

Saboda haka kada ka kori mai zawarcin nan. Shi alƙaluman 2025 yake gani, 25 da 31 da 96, kuma da wuya ka sake samun lokacin da za su yi kyau kamar yanzu. Kada ka fara faɗin farashi, bar shi ya taya. In ya miƙo matashin da bai kai shekara 27 ba wanda riƙe shi zai ci zagaye na can baya, ko mai jifa na farawa da za ka iya dogara da shi, karɓa. In ya zo da tarkace uku a kan ɗaya, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa.

In kuma ka ƙare da riƙe shi, to a zagayen ƙarshe-ƙarshe ka ɗauki wani mai izinin shotstof ka ajiye a benci. Lokacin atisayen share fage a Fort Myers, kada matsakaicin bugunsa ya dame ka ko ya yi sama ko ya yi ƙasa, wasannin nan da yara ake cika su. Ka duba abu uku: wane gurbi yake tsaro, na nawa yake a jerin bugu ranar da manyan suka fito tare, sannan jifansa daga can zurfin shotstof yana isa tasha ta ɗaya a miƙe ko sai ya dira a ƙasa.